Kanwa a Randar Tana

Kwanakin baya wasu samari suka yi sallama a ƙofar gidana a nan Daura, kowanne riƙe da waya, wai sun zo koyon kiwon tana. Babbansu ya ce sun gani a waya, abin ba wuya: ka sami bokiti, ka zuba shara, ka jefa tsutsa, ka koma ka kwanta, taki na fitowa da kansa. Na ce masa tun daga bakinka ka fara ɓata mini rai. Tsutsa daban, tana daban. Tsutsa ita ce ke fita a ruɓaɓɓen nama, gobe ta zama ƙuda ta tashi. Ita kuwa wannan tana aka haife ta, tana za ta mutu. Na ɗauko guda ɗaya na ɗora masa a tafin hannu, sai ga ƙato ya yi tsalle da baya har da salati. Saboda irinsu nake wannan bayani.

Sunana Isiyaku, amma daga kasuwa har bakin dam Mai Tana ake ce mini. Da can sunan tsokana ne, yanzu kuwa da shi nake amsa waya. Ubangidana a sana'ar nan Baba Ilu ne, Allah ya ji ƙansa, wani tsohon masunci a wajen Mai'adua da ya bar shiga ruwa ya koma sayar wa masu fatsa abin da za su sa a ƙugiya. Aikin farko da ya ba ni bai ma bar ni na taɓa tana ba. Ya zaunar da ni gaban tsohon kashin shanu da aka cuɗa da ƙaiƙayi da yagaggen kwali, ya ce in yayyafa ruwa, in damƙa in matse. Na matse, ruwa ya tsiyayo ta tsakanin yatsuna.

“Da akwai tana a ciki, da ka nutsar da su,” in ji shi. “Sake.”

Na ƙara ƙaiƙayi na matse, na buɗe hannu, abin ya wargaje.

“Yanzu kuma ka gasa su. Kai ɗin nan, halan a gidanku ba a dama fura?”

Haka na yi ta matsa har hannuna ya gane abin da ake so: ka matse da ƙarfi, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito, ka buɗe hannu curin ya tsaya. Sai da na iya wannan sannan ya gaya mini dalili. Tana ba ta da hanci, ba ta da huhu. Da fatar jikinta take shaƙar iska, kuma fatar ba ta aiki sai da laima. Ta bushe, ta shaƙe. Ruwa ya cika mata wuri ya kori iska, ta shaƙe. Duk sana'ar nan a tsakanin waɗannan biyun take, a ƙasar da rana ke ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi.

Ranar da ya yarda na riƙe ta, ya shimfiɗa babba guda a kan jiƙaƙƙen buhu ya ce in shafa ta daga kai zuwa wutsiya. Sumul. Ya ce in juyo daga wutsiya zuwa kai. Sai na ji wani ɗan kaushi yana kama yatsana. Jikinta zobe-zobe ne tun daga baki har ƙarshe, kuma kowane zobe yana da ƙananan gashi masu tauri da ido bai cika gani ba. Da su take tafiya: ta miƙe gabanta ta sirance, ta kafa gashin a ƙasa, ta tattaro bayanta ta kumbura. Ba ƙafa, ba ƙashi, amma ka gwada zaro ta daga rami in ta kafe, ka ga ko ba za ta tsinke a hannunka ba. Ya kuma nuna mini wani wuri mai kauri kusa da kai, wanda ya fi sauran jikin haske, ya zagaye ta. Mu a sana'a ɗamara muke ce masa. Wadda ta yi ɗamara ta balaga, kuma ɓangaren da ɗamarar ta fi kusa da shi nan ne kai.

Na ce, “Baba, to wanne ne namijin?”

“Duk wadda ka ɗauka namiji ce, kuma mace ce. Amma ba ta haihuwa ita kaɗai, sai biyu sun haɗu, kowace ta ba 'yar'uwarta, kowace ta karɓa.”

“To wa ke biyan sadaki?”

Ya cire hularsa ya maka mini a ƙeya, yana dariya har da tari.

Akwai wani abokin cinikinmu, Sani mai fatsa, mutum mai son banza. Ya taɓa jin wai in ka yanka tana biyu ta zama biyu. Ya sayi cikin gwangwani, ya je gida ya sa reza ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana lissafin ya huta da zuwa wurinmu. Da ya ga wutsiyoyin suna ta mutsu-mutsu sai ya ɗauka ya yi arziki. Bai daɗe ba ya dawo da gwangwani mai wari, wai mun sayar masa da marasa lafiya. Baba Ilu ya ce masa gaban da ke da kai da ɗamara yakan warke in yankan ya yi can baya, har ya sake wutsiya, amma wutsiya ba ta da bakin cin abinci, motsin da ya gani na ban kwana ne. Har yau Sani na saye a wurina, kuma har yau sai ya roƙi gyara.

Yanzu ga abin da samari ba su sani ba. Ba kowace tana ake kiwo ba. Tamu ta fadama, babbar nan mai ruwan toka da ke fitowa in an yi ruwan sama, 'yar zurfi ce. Da rani ya shigo sai ta nutse can ƙasa ta naɗe jikinta kamar ƙulli, ta yi shiru sai damina. Ka sa ta a tukunya, ko ta gudu ko ta ƙi ci ta ƙi haihuwa. Wadda muke kiwo ja ce, mai son zama a sama cikin taki, mai ci kamar ba gobe. Baba Ilu ya zo da ita daga kudu cikin gora tun yana zuwa ci-rani. Kowace bazara zafi ya kashe masa da yawa, waɗanda suka tsira su hayayyafa, har aka sami irin da ya saba da zafin ƙasar Daura. Na taɓa sa direba ya kawo mini wasu daga kudu don in ƙara, bazarar farko ta share su tas, namu na gefe suna cin ɓawon kankana. Da Baba ya rasu, 'ya'yansa ba mai sha'awa, suka ce in kwashe. Irin nan ya dawo gidana, kuma a iya sanina babu shi a wani gida.

Kayan aikina ba su da kyan gani. Randunan da suka tsage a gindi nake bi ina karɓa a wurin masu ginin tukwane, don tsagar ce ke fitar da rarar ruwa, jikin randa kuma yana riƙe sanyi. Bokitin roba da kuka gani a wayarku, ku ajiye shi a tsakar gida a watan azababben zafi ku ga abin da za ku tarar. Kowace randa ina ɗora ta a kan duwatsu a cikin faranti mai ruwa, saboda kwarkwasa da tururuwa. Bakinta in rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara, in ɗora kwando saboda kaji da ƙadangaru. Sai rariyar waya, sai hannuna. Fartanya ba ta shiga randata. Abincinsu kashin shanu da ya kwana biyu ya huce, ɓawon kankana da na ayaba, ganyen da ya bushe. Ba lemo, ba albasa, ba barkono, ba ragowar miya.

Ranar kwasar taki ita ce ranar da na fi so. Nakan juye randa a kan buhu da hantsi, in tara abin tsibi-tsibi a inda haske ke sauka. Tana ba ta da ido, amma fatarta na jin haske, kuma ba ta ƙaunarsa. Sai ta nutse cikin tsibin. In kankare saman, baƙin taki mai laushi, mai ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan farko. In dakata, ta ƙara nutsewa, in ƙara kankara. A ƙarshe sai ka tarar da su sun dunƙule a gindi kamar taliyar da aka tsame. Takin nan kashinta ne, abin da ya ratsa cikinta daga baki ya fita ta baya. Masu lambun tumatir daga Zango da masu renon dashen mangwaro da zogale su ke rububinsa, don ba ya ƙona saiwa. Tanar kuma masu fatsa su ɗiba, malaman makaranta su ɗiba lokacin jarrabawar kimiyya. Wani ma ya taɓa zuwa neman matsattsaku, wai ai duk dangi ne. Na ce gaskiya ne dangi ne, shi ma zobe-zobe ne, amma ni ba na kiwon abin da zai sha jinina.

Shekarar da ta kusa raba ni da sana'ar ba fari ne ya jawo ta ba, ba kuma kwarkwasa ba. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, Yaya Haruna, wanda gidansa ke jikin nawa. Shi mai kiwon raguna ne, kuma gwani. Ragon da ya shiga hannunsa da haƙarƙari a waje, kafin Babbar Sallah sai an turo shi a amalanke. An yi mana rasuwa a dangin mai ɗakina can wajen Kongolam a tsakiyar bazara, dole muka tafi duka gidan, za mu kwana biyu. Na kai Yaya gindin ceɗiya inda randuna suke, na nuna masa.

“Yaya, ruwa kawai. Safe da yamma ka jiƙa buhunan nan, shi ke nan.”

“Haba Isiyaku, ni za ka koya wa kiwo? Tafi abinka.”

Ranar da muka dawo, tun daga zaure wari ya tare ni. Na yar da jaka na ruga. Kaji sun yi dafifi a gindin ceɗiya. Bakin kowace randa ya yi baƙi da tanar da ta hauro tana neman tsira ta bushe a nan, kamar tsinken tsintsiya. Na ɗaga buhu na cusa hannu, na ji zafi kamar na sa hannu a tuwo. Abin da ke ciki ya narke ya zama kunu. Na bi randunan ɗaya bayan ɗaya har ta ƙarshe, ban sami mai motsi ba. Na zauna a ƙasa. Ban yi baƙin ciki irin wannan ba tun ranar da muka binne Baba Ilu.

Yaya ya shigo yana goge hannu a riga, fuskarsa duk ta faɗa.

“Sannu da hanya. Wallahi alheri na nufa.”

“Me ka ba su, Yaya?”

“Na duba na ga duk sun rame, sirara, ba tsoka. Na ce yaron nan yana horar da dabbobi da yunwa. Sai na jiƙa masu kanwa da ɗan gishiri, na zuba masu dusa mai yawa, yadda nake wa raguna. Ai ba dabbar da kanwa ba ta buɗe wa ciki.”

Ku da kuke dariya, ku tambayi duk makiyayin da ke ƙasar nan, abin da zai yi ke nan. A wurinmu dabba in ta rame kanwa ake ba ta. Sai dai rago da baki yake sha, ita kuwa tana duk jikinta a buɗe yake. Kanwa da gishiri suka zuƙe ruwan jikinta ta fata, dusa kuma ta jiƙa ta yi tsami ta ɗau zafi ta dafa sauran. Maganganu suka taru mini a baki, masu zafi ƙwarai. Amma wannan mutumin shi ya goya ni, shi ya yi mini aure. Na haɗiye su, na ce Allah ya sa haka ne mafi alheri.

Ya ce bari ya kawo amalanke a kwashe a zubar, ya wanke mini randunan. Ya kama ta farko ya juye a ƙasa. Ina zaune ina kallon ƙazantar nan tana malala, sai na ga wani ɗan abu mai ruwan ɗorawa ya gangaro ya tsaya a gefe, bai kai ƙwayar dawa ba, da ɗan tsini a kai da gindi kamar lemon tsami. Na miƙe tsaye.

“Yaya, tsaya! Kar ka zubar!”

Ƙwan tana ne. Baba Ilu ya taɓa nuna mini yadda ake yin sa: bayan biyu sun haɗu, ɗamarar nan takan fitar da wani zobe mai yauƙi, tanar ta zame da baya ta cire shi ta kai kamar mai tuɓe riga, bakinsa biyu su rufe, 'ya'yan na ciki. Ban taɓa damuwa da shi ba, don kullum da kansa yake ƙyanƙyashewa a randa. Amma na san fatarsa ta fi ta uwar tauri nesa ba kusa ba. Na murza shi a hankali tsakanin yatsu, na ji shi da ƙarfinsa, bai fashe ba.

Na ce wa Yaya ruwa nake so, ruwan rijiya mai daɗi, mai yawa, yanzu-yanzu. Dattijon nan ya ɗauki jarkoki ya fita da gudu, hularsa ta faɗi bai tsaya ɗauka ba. Muka shimfiɗa rariya, ina zuba ruɓaɓɓen takin ina cuɗawa, yana kwara ruwa, wari na hawa mana kai, ƙudaje sun rufe mu. Abin da ya rage a rariya mu baza a faifai mu tsince. A nan na ga ikon Allah. Ni in tsinci ɗaya, Yaya ya tsinci biyar. Idon da ya saba neman kaska a kunnen rago ba abin da ke ɓuya masa. Maƙwabta suka leƙo ta katanga suna toshe hanci, wani ya ce 'ya'yan gidan nan sun taɓu. Ba wanda ya ɗaga kai a cikinmu. Kafin la'asar sakaliya mun bi duk randunan, abin da muka samu bai cika murfin kwalba uku ba, kuma wasu sun yi baƙi sun lotse, na san waɗannan sun tafi.

Na haɗa sabon makwanci a ƙaramar tukunya, na binne ƙwan a sama-sama, na kai tukunyar cikin ɗaki na nutsa ta a jiƙaƙƙen yashin da randar ruwan shanmu ke zama. Mai ɗakina ta kalle ni, ta kalli tukunyar, ta matsar da randarta gefe. Daga nan sai jira. Masu lambu suka zo na ce babu. Sani mai fatsa ya zo ya yi ta magiya, na ce ya je fadama ya tona. Gari ya ɗauka cewa Mai Tana ya karye. Na koma sayar da ruwa a kura don a ci tuwo, kuma kullum na dawo sai in tarar da Yaya zaune a ƙofar ɗakina, ya bar ragunansa, yana jiran in buɗe mu duba. In ɗaga buhu, ba komai. In mayar. Ya tashi ya tafi. Har na fara tunanin kanwar ta ratsa su, muna ta yi wa gawa fifita ne.

Wata safiya na ɗaga buhun na duba, na ce babu, zan mayar. Yaya ya riƙe mini hannu.

“Dakata. Mene ne wancan?”

“Zaren buhu ne, Yaya.”

“Zaren buhu na tafiya?”

Na kai tukunyar bakin ƙofa inda haske yake. Wani ɗan farin abu siriri, bai kai tsawon farce ba, ya miƙe gabansa, ya tattaro bayansa, ya nutse. Na ɗan tona gefe da yatsa, ga wani, ga wani, ga wasu biyu a manne da ɓawon ƙwan da suka fito. Yaya ya yi kabbara da ƙarfi har ragunansa suka amsa daga gidansa. Ni kuwa dariya ce ta kama ni, ina yi hawaye na zuba, ban ji kunyar kowa ba.

Suka yi ja, suka yi tsawo. Ban sayar da ko ɗaya ba, ko da Sani ya ce zai ninka. Da damina ta yi nisa na ɗauko wata na ga ta yi ɗamara, ranar na san irin Baba Ilu ya tsallake. Tukunya ta zama randa, randa ta zama biyu. Kafin bazara ta zagayo gindin ceɗiya ya cika har ya fi da, kuma masu lambun Zango suka dawo da buhunansu suna cewa tumatir ɗin bara bai yi albarka ba.

Amma na riga na ga yadda yini ɗaya zai iya share aikin mutum biyu, nawa da na Baba Ilu, don kawai duk irin yana gida guda. Na yanke shawarar raba shi, ya zauna a gidaje daban-daban, ko da wani abu ya sake faɗa wa nawa. Shi ya sa samarin nan da suka zo ban kore su ba. Suna nan suna matsa taki, hannunsu bai gane ba tukuna, kuma ba mai fita da tana ko ɗaya sai ya gane. Randar farko da na raba kuwa tun a waccan shekarar na ɗora ta a amalanke, na tura ta zuwa gidan da ke jikin nawa. Yaya Haruna na ba raguna harawa, ya juyo ya ga abin da na kawo, ya ja da baya.

“Isiyaku, ni? Ni da na kashe maka su?”

Na sauke randar a inuwar zaurensa, na gyara mata duwatsu, na miƙa masa jiƙaƙƙen buhu.

Na ce, “Yaya, duk ƙasar Daura kai kaɗai na tabbata ba za ka ba su kanwa ba.”